Riƙon dabba a Amurka: matakan da za ka bi don kada ka taka dokar jiha

A gida, kyanwa ce ke zaɓar gidan da za ta zauna. Ta diro ta katanga, yara su zuba mata sauran tuwo, shi ke nan ta zama 'yar gida. Ranar da ɓarnarta ta ishi mutane kuma a sa ta a buhu a kai ta bayan gari a sake. Kare na gadi ne ko na farauta, a ɗaure shi da sarƙa da rana, a kwance shi da dare, babu mai tambayar takardarsa. Wanda ya ɗauko wannan sabo ya sauka da shi a Bronx ko Houston ko Columbus, ya sani cewa yawancin abubuwan nan laifi ne a can, wani na tara, wani har da ɗauri.

Abin da ke rikita baƙo shi ne neman dokar a Washinton. Gwamnatin tarayya tana da dokar walwalar dabbobi tun 1966, amma ta fi shafar ɗakunan bincike da manyan masu kiwo don sayarwa da masu nuna dabbobi ga 'yan kallo. Akwai kuma wadda aka sa wa hannu a Nuwamba 2019 kan azabtarwa mai tsanani. Kyanwar da ke kwance a falonka kuwa, dokar jiha ce ke kanta, sannan ta gunduma, sannan ta gari. Jihohi 50, kowacce da nata kundin. Zan ɗauki jihar New York a matsayin babban misali saboda nan mutanenmu suka fi taruwa, in riƙa nuna inda wasu jihohin suka bambanta.

Mataki na 1: Gano hawa ukun da ke kanka

Rubuta suna uku a takarda: jiharka, gundumarka, garinka. Kowane yana iya ɗora maka sharaɗi, kuma ƙa'idar ita ce ka bi wanda ya fi tsauri, sai fa inda jiha ta hana gari yin nasa.

Misalin da ke nuna yadda hawan suke cin juna shi ne wani irin kare mai ƙarfin gaske da ake kira fitbul. Gundumar Miami-Dade ta haramta riƙe shi tun 1989, haramcin ya zauna shekara 34, sai majalisar jihar Filorida ta yi dokar da ta soke shi daga 1 ga Oktoba 2023. A birnin Denver ma an haramta shi a 1989, amma can masu zaɓe ne da kansu suka ɗage haramcin a 2020. Jihar New York kuwa tun tuni ta hana garuruwanta ware wani irin kare su haramta shi saboda irinsa kawai. Kare ɗaya, hukunci uku.

A New York, kundin da ya fi shafarka shi ne Dokar Noma da Kasuwanni ta jihar: babi na 7 yana magana kan lasisin kare da kama shi, babi na 26 kan zalunci. Maganar allurar haukan kare tana cikin Dokar Lafiyar Jama'a. Duk suna nan kyauta a shafin majalisar dattawan jihar. Idan Turancin lauyoyi ya yi maka nauyi, cibiyar dokokin dabbobi ta Jami'ar Jihar Michigan tana da jadawali jiha-jiha a intanet. Amma hanya mafi sauƙi ita ce ka kira ofishin akawun gari, ko lamba 311 idan cikin birnin New York kake, ka faɗi irin dabbar da kake son kawowa, ka tambayi abin da ake bukata. Kuɗin lasisi da na tara suna canjawa, saboda haka wannan kiran ya fi zancen maƙwabci.

Mataki na 2: Dabbar ta halatta? Mai gida ya yarda?

Kare da kyanwa sun halatta ko'ina. Daga nan ne ake rarrabuwa. Akwai wata 'yar dabba mai kama da tunku da suke kira feret: ta halatta a jihar New York, amma an haramta ta a cikin birnin New York, haka a Kalifoniya da Hawayi baki ɗaya. Birnin ya kuma hana riƙe bushiya da biri da tunkiya da akuya. Kaza mace an yarda ka kiwata a bayan gida, amma zakara da agwagwa da dinya da talotalo a'a. Dalilin hana zakara ba ya bukatar bayani ga duk wanda ya taɓa kwana kusa da akurki.

Sai mai gida. Doka ta ba ka dama ka riƙe kare, amma yarjejeniyar hayarka tana iya hana ka, kuma wannan hani yana da ƙarfi a kotu. Karanta takardar kafin yara su ƙwallafa rai. A gidajen gwamnati na hukumar NYCHA, kare ɗaya ko kyanwa ɗaya aka yarda wa kowane gida, sai an yi masa rajista, kada karen ya wuce nauyin fam 25, wato kilo 11 da 'yan kai, kuma an hana fitbul da rotwaila da dobaman komai ƙanƙantarsu. Wannan ba ya karo da abin da na faɗa a sama, domin hukumar a matsayin mai gida take magana.

Akwai wata ƙa'ida a birnin New York da 'yan haya da yawa ba su sani ba. A ginin da ke da gidaje uku ko fiye, idan ka riƙe dabba a fili har wata uku, mai gida ko ma'aikacinsa ya sani kuma bai kai ƙara kotu ba, to ya rasa damar amfani da sharaɗin hanin a kan wannan dabbar. Kalmar da ke ɗauke da nauyin ita ce "a fili". Wanda ke ɓoye kyanwa a banɗaki duk ranar da mai gyaran famfo zai zo, da hannunsa yake zubar da wannan kariya. Ƙa'idar ba ta aiki a gidajen NYCHA, ba ta kuma kare dabbar da ke damun maƙwabta ko lalata gini.

Mataki na 3: Daga ina za ka samo ta

Da can mutum yakan shiga kanti ya nuna ɗan kwikwiyo a cikin gilashi ya biya. Jihohi suna ta rufe wannan ƙofa, saboda yawancin 'yan kwikwiyon daga gidajen kiwo na kasuwa suke fitowa, inda ake tsare karya a keji tana haihuwa a kai a kai har ƙarfinta ya ƙare. Kalifoniya ce ta fara, dokarta ta soma aiki a Janairu 2019. Maryland da Illinois da wasu suka biyo. A New York, Gwamna Kathy Hochul ta sa hannu a Disamba 2022, aka ba 'yan kasuwa shekara biyu su shirya, daga 15 ga Disamba 2024 kanti ba ya sayar da kare ko kyanwa ko zomo. Idan ka ga mai kanti yana cewa ka zo ta baya akwai kaya, ka kama gabanka.

Hanya biyu suka rage. Ta farko gidan ajiyar dabbobi, na gari ko na ƙungiya. A ganina ita ce mafi dacewa da wanda bai saba ba, domin yawanci za a miƙo maka dabbar an riga an yi mata allura, an fiɗiye ta, an sa mata shaida, da takardunta a hannu, a kuɗin da bai kai abin da za ka kashe a asibiti kan waɗannan ba. Za su yi maka tambayoyi kamar masu ba da aure: wa ke gidan, wa zai kula da ita idan ka tafi aiki, mai gida ya yarda? Kada ka ji haushi. Suna kuma duba sunanka a rajistar waɗanda aka taɓa hukuntawa kan zaluntar dabba, inda ake da ita. Gundumar Suffolk ta jihar New York ce ta fara irin wannan rajista a 2010, Tennessee kuma ta zama jiha ta farko da ta yi ta ga jihar gaba ɗaya a Janairu 2016.

Ta biyu ita ce ka je wurin mai kiwo da ƙafarka. Ka ga uwar, ka ga inda suke kwana, ka karɓi takardar allura da rasit mai ɗauke da ranar haihuwa. Mai sayarwa ba shi da damar ba ka ɗan da bai cika mako takwas ba. Kuma ka kai shi wurin likita cikin kwanakin farko, domin dokar New York ta ba wanda ya saya daga dillali mai lasisi kwanakin aiki 14 idan cuta ta bayyana, da kwana 180 idan nakasa ce ta haihuwa. Da takardar likita za ka iya mayarwa a ba ka kuɗinka, ko a musanya, ko ka riƙe a biya maka kuɗin magani har iyakar abin da ka saye shi. Ba takardar likita, ba magana.

Wanda ke son ɗauko karensa daga gida kuma, nan ne tarayya ke shigowa. Daga 1 ga Agusta 2024 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta ce duk karen da zai shiga Amurka sai ya kai wata shida, yana da na'urar shaida mai lamba da ake cusawa ƙarƙashin fatarsa, an cike masa fom ɗinta a intanet. Najeriya da Nijar da Gana da Kamaru da Chadi da Sudan duk suna cikin jerin ƙasashen da haukan kare ya yawaita, don haka akwai ƙari: takardar allura da likitan gwamnati ya amince da ita, gwajin jini daga ɗakin gwajin da CDC ta yarda da shi ko kuma killacewar kwana 28, da kama wuri tun kafin tafiya a cibiyar da ke ɗaya daga cikin 'yan filayen jirgin da aka keɓe, irin su JFK da Atlanta da Dulles. Aku mai jan wutsiya kuwa, tun Janairu 2017 yana jerin farko na CITES, yarjejeniyar ƙasashe kan cinikin dabbobin da ake tsoron ƙarewarsu, cinikinsa tsakanin ƙasashe ya haramta, ko na gida ne sai da izinin ƙasashen biyu da killacewa. Kada wani ya ba ka shi saƙo a filin jirgi.

Mataki na 4: Wata huɗun farko

Nan ne gundarin aikin, kuma komai yana rataye da abu ɗaya: allurar haukan kare.

Mu mun san wannan ciwo da idonmu, mun san idan alamunsa suka bayyana a jikin mutum da wuya a tashi. Amurka ta raba kanta da nau'in da ke yawo tsakanin karnuka, aka sanar da haka a 2007, amma ƙwayar cutar tana nan a jikin jemage da bodari da yanyawa da wata dabbar dawa da ake kira rakun, wadda ke shiga har tsakiyar birni tana tonon shara. Shi ya sa dokar ba ta bar kyanwar da ba ta fita waje ba. Jemage yana shiga ɗaki.

A New York, kare da kyanwa da feret sai an yi musu allurar farko kafin su wuce wata huɗu, ta biyu cikin shekara ɗaya, daga nan kuma duk shekara ɗaya ko uku gwargwadon irin maganin. Likitan dabbobi mai lasisi ne zai yi, ko wanda ke ƙarƙashin kulawarsa. Allurar da ka sayo ka yi da kanka, ko da maganin na gaske ne, doka ba ta san da ita ba. Zai ba ka takarda da ɗan ƙarfen da ake ratayawa a wuya. Ɗauki hoton takardar da waya, ka adana ta inda kake ajiye fasfo. Tarar rashin allura takan kai dala 200, amma tarar ce mafi sauƙin abin. Idan dabbar dawa mai ciwon ta ciji karenka kuma allurarsa na kan lokaci, za a ƙara masa wata, ka sa masa ido a gida kwana 45. Idan ba shi da ita, zaɓi biyu ne: a kashe shi, ko a killace shi wata huɗu zuwa shida gwargwadon jiha, kai ke biya. Gundumomi da yawa suna yin allurar kyauta a wasu ranaku. Tambayi sashen lafiya na gundumarka.

Da takardar allura a hannu sai ka nemi lasisi. A jihar New York duk karen da ya kai wata huɗu sai da lasisi, kuma tun 2011 garuruwa ne ke bayarwa. A cikin birnin, dala 8 da santi 50 ne a shekara ga wanda aka fiɗiye, dala 34 ga wanda ba a yi wa ba. Wannan tazara da gangan aka yi ta, don a tura mutane su yi fiɗiya. Kyanwa ba ta bukatar lasisi a New York, amma wasu garuruwan a wasu jihohi suna nema.

Fiɗiya ga namiji da cire mahaifa ga mace: jihar ba ta tilasta maka a kan dabbar da ka riga ka mallaka, sai dai gidan ajiya ba zai sake maka dabba haka nan ba, ko dai an yi mata ko ka sa hannu za ka yi. Birnin Los Angeles kuwa ya wajabta ta ga yawancin karnuka da kyanwoyi daga wata huɗu. Na san wasunmu suna ɗari-ɗari da wannan ta fuskar addini. Wannan tambaya ce ta malaminka, amma ka yi ta kafin ka sa hannu a takarda.

Na ƙarshe ita ce na'urar shaida, mai girman ƙwayar shinkafa, da ake cusa ta ƙarƙashin fata tsakanin kafaɗu. Lamba ce kawai a cikinta, ba ta nuna inda dabbar take. Amfaninta sai idan ka yi rajistar lambar da sunanka da lambar wayarka, ka kuma sabunta duk lokacin da ka sauya gida.

Mataki na 5: Zaman yau da kullum

Sarƙa tukuna, tunda ita ce al'adarmu. A Teksas, daga 18 ga Janairu 2022 an hana ɗaure kare a waje da sarƙa kwata-kwata. Igiyar da za ka yi amfani da ita sai ta kai ƙafa 10 ko ninki biyar na tsawon karen, wanda ya fi tsawo a ciki, da ruwan sha da inuwa da mafaka. Tarar farko takan kai dala 500. Gwamna Greg Abbott ya ƙi sa hannu a kan dokar a karon farko a 2021, jama'a suka yi ca, bayan 'yan watanni ya sa hannu a wadda aka gyara. Kalifoniya ta ce kada ɗauri ya wuce awa uku cikin 24. Pennsylvania, a dokarta ta 2017, ta ce awa tara, amma minti 30 kacal idan zafi ya haura digiri 32 a ma'aunin Celsius ko sanyi ya kai na ƙanƙara. Birnin New York awa uku a jere cikin 12.

A titi kuma akasin haka ne: dole kare ya kasance a igiya, a birnin New York kada ta wuce ƙafa shida. Kashinsa kai za ka kwashe, dokar tana nan tun 1978, tararta dala 250. Na ga dattijon da ya ce shi da girmansa ba zai duƙa wa kashin kare ba. To, irinsa kyanwa ta dace da shi.

Mota ita ce tarkon da ya fi kama mutanen kirki. Ka ce minti biyar za ka yi a kanti, layi ya yi tsawo, cikin mota ya zama tanda ko da ka ɗan sauke gilashi. Sashe na 353-d na dokar New York ya hana barin dabba a mota cikin tsananin zafi ko sanyi, kuma 'yan sanda da 'yan kwana-kwana da ma'aikatan agajin gaggawa suna da ikon fasa motar. Mai wucewa ba shi da wannan kariya a New York, aikinsa ya kira 911. A Kalifoniya kuwa tun 2017 mai wucewa yana iya fasa gilashin, muddin ya fara kiran hukuma, ya tabbatar ƙofa a kulle take, ya kuma tsaya har su iso.

Kada ka taɓa jikin dabba da wuƙa. Yanke kunnen kare a gida laifi ne a New York, sai likita, da maganin kashe zafi. Cire faratan kyanwa kuma ko likita ba ya yi sai don magani: New York ce jihar farko da ta hana a 2019, Maryland ta biyo a 2022, domin aikin yanke gaɓar ƙarshe ce ta kowane yatsa. Yanke tsinin farce da abin yankan farce ba laifi. Magani ma haka: kada ka ba kyanwa farasitamol, ƙwaya ɗaya na iya kashe ta. Magungunan kashe ƙwayoyin cuta na dabbobi da a da ake saye kai tsaye a kantin kayan noma, daga Yuni 2023 sai da takardar likita.

Mun taso muna jin wa'azin matar da ta kulle kyanwa ba ci ba sha, saboda haka asalin hanin ba baƙo ba ne a wurinmu. Hukuncin ne baƙo. Sashe na 353 ya sa duka da hana abinci ko ruwa cikin laifin da ke kai mutum gidan yari har shekara guda, kuma kotuna sun hukunta mutanen da suka bar dabba tana fama da ciwo ba su kai ta asibiti ba. Sashe na 353-a, da ake kira Dokar Buster, ya samo suna daga wata kyanwa da wani matashi ya cinna wa wuta a garin Schenectady na jihar a 1997. An sa masa hannu a 1999, ya mai da azabtarwa da gangan babban laifi mai ɗaurin har shekara biyu. Yau babu jihar da ba ta da irin wannan, South Dakota ce ta ƙarshe a 2014. Likitan dabbobi a New York wajibi ne ya kai rahoto idan ya ga alamar zalunci. Ga wanda bai zama ɗan ƙasa ba akwai ƙarin nauyi: fom ɗin neman zama ɗan ƙasa yana tambaya ko an taɓa kama ka ko gurfanar da kai, kuma shari'ar kare ma shari'a ce.

Mataki na 6: Idan ya yi cizo

A wanke wurin da ruwa da sabulu na tsawon minti 15, a tafi asibiti. Ka ba wanda aka ciza sunanka da hoton takardar allura. Kada ka ɓoye karen, kada ka kashe shi, kada ka kai shi gidan ɗan'uwa a wata jiha. Hukuma tana bukatar a sa masa ido kwana 10; idan ya wuce su lafiya, an san bai ɗauke da ciwon a yawunsa ranar cizon ba, wanda aka ciza ya huta da jerin allurai. A birnin New York ana kai rahoton cizo ga sashen lafiya cikin awa 24.

Maganar diyya ta bambanta sosai. A Kalifoniya mai kare ne ke biya ko da karen bai taɓa haushin kowa ba. A New York an daɗe ana cewa sai an nuna ka san karenka mugu ne, amma a Afrilu 2025 kotun ƙolin jihar ta buɗe ƙofar kai ƙara kan sakaci kawai. Don haka ka duba ko inshorar gidanka ko ta haya ta haɗa da cizon kare. Alƙali yana iya ayyana kare mai haɗari, ya sa a sanya masa takunkumi a waje, ko a killace shi, ko a kashe shi idan raunin ya yi muni.

Mataki na 7: Idan ya ɓace, ko kai ka gaji

Idan ya ɓace, a ranar za ka fara kiran gidajen ajiya. Dokar jihar New York ta ce a riƙe karen da ba shi da shaida kwana biyar, wasu garuruwa sun rage zuwa uku, bayan haka ana iya ba wani ko a kashe. Mai lasisi a wuya kuwa sai an nemi mai shi, a jira kwana bakwai ko tara. Wannan bambanci shi ne ribar dala takwas ɗin nan.

Idan kai ne ka gaji, ko aiki ya sauya, ko za ka koma gida, ajiye buhun. Sakin dabba a titi ko a daji, ko barinta a gidan da ka tashi, laifi ne a sashe na 355, da ɗaurin har shekara ɗaya ko tarar dala 1,000, ga kyamarori a kowace kusurwa, ga na'urar shaida da ke kai mutum har ƙofar gidansa. Kira gidan ajiya ka nemi rana, ka je da takardunta, ka sa hannu cewa ka sallama. Ba a hukunta kowa kan wannan. Idan daga wata ƙungiya ka karɓo ta, duba yarjejeniyar, da yawa sun ce su za a mayar wa.

Mataki na 8: Ƙaura zuwa wata jiha

Jihar da za ka shiga ce ke da magana. Yawancinsu suna son takardar allura da takardar lafiya daga likita wadda ba ta wuce kwana 30 ba, kamfanonin jirgi kuma sukan nemi sabuwa fiye da haka. Lasisin tsohon gari ba ya bin ka. Hawayi ita kaɗai ce jihar da ba ta da haukan kare, tana kuma tsaron wannan matsayi da killacewar kwana 120, sai wanda ya shirya tun da wuri da allura biyu da na'urar shaida da gwajin jini zai fita cikin kwana biyar ko ƙasa.

Ragon layya

Ba dabbar gida ba ce a ma'anarsu, amma a nan ne mutanenmu suka fi cin karo da 'yan sanda. Yanka irin na Musulunci halal ne a dokar Amurka. Dokar yanka ta tarayya ta 1958 ta amince da yankan addini. A 1993 ma Kotun Ƙolin Amurka ta soke dokokin garin Hialeah na Filorida saboda an tsara su ne don hana wani addini yankansa. Sai dai hukuncin bai taɓa dokokin tsafta da na unguwa da suka hau kan kowa da kowa ba. Tunda birnin New York ya hana riƙe tunkiya da akuya, ragon da ka ɗaure a bayan gida ko a ƙarƙashin bene ya riga ya zama laifi kafin wuƙa ta fito.

Abin da za ka yi: tun wata guda kafin Sallah ka kama rago a mayanka mai lasisi ko a gonar da ke da izinin yanka wa mai dabba. Ka tambaya ko suna barin mai layya ya yanka da hannunsa, domin wasu suna bari, wasu nasu mahaucin ne kawai. Naman da aka yanka maka ta wannan hanya naka ne da iyalinka da baƙinka, doka ta hana sayar da shi. Kada ka cire alamar da ke kunnen ragon, ta bin sawun cuta ce. Kada ka ɗaure ƙafafunsa huɗu ka jefa a but, dokar jihar ta hana ɗaukar dabba ta hanyar azaba. Kasuwannin kaji masu rai kuma ana iya rufe su ba shiri, kamar yadda aka yi a birnin New York da kewayensa a Fabrairu 2025 saboda murar tsuntsaye.

Ga direbobin tasi da masu shago

Ko ba ka da dabba, akwai wadda doka ta ɗora maka. Karen da aka horar don ja wa makaho gora ko taimakon mai wata nakasa yana da izinin shiga duk inda mai shi zai shiga, a ƙarƙashin dokar naƙasassu ta tarayya ta 1990 da dokokin jiha. Ba ka da damar ƙin ɗaukarsa, ba ka da damar ƙara kuɗi, kuma Uber da Lyft sun rubuta a ƙa'idojinsu cewa tsoro ko addini ko rashin jituwar jiki da gashin kare ba uzuri ba ne. Ana rufe wa direba asusu a kan haka. Tambaya biyu kawai aka yarda ka yi idan abin bai fito fili ba: karen na taimakon nakasa ne, kuma wane aiki aka koya masa? Ba a neman takarda, ba a tambayar ciwon mutum. Ajiye tsohon bargo a but, ka shimfiɗa a ƙasan kujerar baya idan irin wannan fasinja ya zo. A nan aka koya wa karen ya kwanta.